Waya a Hannu, Zuciya a Cunkushe



Yau kan wayar hannu za mu tattauna. Maigida ya fita, yara sun tafi makaranta, gida ya yi tsit. Sai ki ce bari ki ɗan leƙa TikTok. Kafin ki ankara an kira azahar, ko tukunya ba ki ɗora ba. Kin ga lefen wance, kin ga gadon wance, kin tashi kina raina naki ɗakin. Kuɗin data ya tafi, rai kuma bai yi sanyi ba. Dama haka aka tsara abin, bidiyo na ƙarewa wani na shigowa, don kada ki ajiye.

To, ina mafita ga wadda ba ta fita? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Zagaya tsakar gida da sauri ma motsa jiki ne, kuma yana warware ƙunci. Ki shuka alayyahu a tsohon bokiti. Ki ɗauko ɗinkin hular nan da kika jingine, ko ba komai kin sami na zubin adashe. In kewa ce ta dame ki, kira 'yar'uwarki ku gaisa, ki ji muryarta.

Da dare kuma ki ajiye wayar nesa da matashi, don latse-latse na korar barci.

Ki gwada na mako guda, 'yar'uwa, ki ji yadda ranki zai yi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.