AMSAR WASIƘUNKU: Masu Hawan Dutse da Ke Saukowa da Bahayarsu

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na amsa wasiƙunku, daga nan birnin Sakkwato.

Wasiƙar wannan mako ta fito daga wani mai sauraronmu, mai fataucin albasa a Gada. Ya ce ya ji a wata tashar rediyo ta waje wai akwai ƙasar da ake tilasta wa masu hawan dutse su yi bahaya cikin leda, su ɗaure, su sauko da abinsu. Yana tambaya, shin gaskiya ne ko zuƙi-ta-malle? In kuwa gaskiya ne, me ya yi zafi, alhali ga daji iya ganinka?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Sai dai a gafarce mu, yau za mu kira abu da sunansa, don maganar lafiya ba a yi mata kara.

Abin da ka ji gaskiya ne. Dutsen ana ce da shi Eberest, yana kan iyakar ƙasar Nefal da ƙasar Sin, kuma babu wanda ya kai shi tsawo a duniya, mita 8,849. A 1953 aka fara kaiwa ƙololuwarsa. Yanzu kuwa ɗaruruwan mutane ke hawansa kowace shekara, mafi yawansu ta hanya ɗaya, suna kwana a zango ɗaya. A 2024 sai ƙaramar hukumar Pasang Lhamu, wadda gefen dutsen ke cikin yankinta, ta ce kowane mai hawa ya sayi jakar bahaya tun daga zangon farko, in ya sauko kuma a duba a ga ya dawo da ita. Jakar ba irin ledar tsire ba ce. Akwai magani a ciki da ke daskarar da ƙazantar, ya kashe wari.

Me ya kawo haka? Kun san a gonarku in aka rufe taki da ƙasa, bayan 'yan watanni sai ya ruɓe ya koma ƙasa. Masu wannan aiki wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma sai da ɗumi da laima suke aiki. Can bisa dutse babu ɗumi, babu ƙasar da za a haƙa, sai ƙanƙara da fa. Abin da mutum ya ajiye bara, bana yana nan. Masu kula da tsaftar dutsen sun ƙiyasta ƙazantar da ta taru a zangunan sama ta kai wajen tan 3. Ga shi kuma wannan ƙanƙarar ita masu hawa ke narkarwa su sha.

Ba Nefal kaɗai ba. A Amurka akwai dutsen Witni a jihar Kalifoniya. Da can an gina makewayi a hanyarsa, har da jirgin sama mai saukar ungulu ake kwashe abin da ya taru. Da ɗawainiyar ta yi yawa, a 2007 aka gama cire makewayan, aka koma ba kowa jakarsa.

To malam, ka ce ga daji iya ganinka. Nan ne gizo ke saƙa. Daji na iya haɗiye na mutum ɗaya ko goma. Amma in dubu suka bi hanya ɗaya, suka tsuguna wuri ɗaya, mako bayan mako, babu ƙasar da za ta iya. Matsalar yawan ƙafa ce, ko bisa dutse ko a fili.

Yanzu mu dawo gida. Mu nan ba mu da dutsen ƙanƙara, amma muna da wuraren da ƙafa ke yawa. Ka dubi Illela ranar Lahadi, ko Kara a nan cikin gari, ko kowace tashar mota da lodi ke kwana. Mutum ya baro gida tun asuba, sai dare zai koma, wani ma sai ya kwana biyu. Ina zai kewaya? In babu wurin da aka tanada, ko akwai amma ya ga kuɗin shiga sun yi masa yawa, sai ya ɗauki buta ya zaga bayan katanga, ko gindin kuka, ko bakin gulbi. Da rani ƙasa ta yi tauri, rana ta busar da abin, iska da ƙuda su raba wa masu tuwo da masu fura. Ruwan farko na sauka sai ya wanke sauran zuwa kwata, kwata ta kai gulbin Sakkwato da na Rima, ko ta gangara rijiyoyin fadama marasa zurfi. A nan ake wanke latas da karas, a nan yara ke wanka, wasu ma nan suke sha.

Masana lafiya sun ce giram ɗaya na bahayar mutum na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta miliyoyi. Ta wannan hanya amai da gudawa ke yaɗuwa, haka taifot, da tsutsar ciki, da shan inna. Ba mu manta da 2021 ba. A shekarar, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton kwalara ta kama, fiye da 3,500 suka riga mu gidan gaskiya, kuma jihar Sakkwato na cikin waɗanda abin ya taɓa. Allah ya jiƙansu. Malamanmu kuwa sun daɗe suna faɗa mana addini ya hana ɓata hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, da mashaya.

Kada wani ya ji wannan ya ce ai mu ma muna yi a leda. Kayya! Mai hawan dutse goya tasa yake yi kwana da kwanaki har ya miƙa ta inda aka tanada. Wanda ya ɗaure leda ya wurga bayan gidan maƙwabci ko cikin kwata, ƙara ɓarna ya yi, don leda ba ta ruɓewa, ta toshe magudana, in ta fashe kuma kowa ya samu rabonsa. Darasin da ke ciki shi ne, abin da ya fito daga jikinka nauyinka ne har ya isa inda ba zai cuci kowa ba.

Ga abin da za mu iya. Manomi, in ta kama ka a gona, ga fartanya a kafaɗarka. Ka yi nisa da rijiya ko gulbi kamar taku 70, ka haƙa rami mai zurfin taƙi guda, in ka gama ka rufe. Maigida, ka haƙa masai a gidanka, ka nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30, ka sa masa marfi saboda ƙuda. Uwargida, kashin jariri ma cuta gare shi, a zuba shi masai, kada a watsa a bola. Falke, in ka sauka inda akwai gidan wanka, ka biya ka shiga, kuɗin bai kai na ledar ƙarin ruwa ɗaya a asibiti ba. Kowa kuma ya wanke hannu da sabulu bayan tsarki, in babu sabulu ga toka.

Sarakunan kasuwa da shugabannin tasha, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ana karɓar kuɗin rumfa da na lodi kowace ranar kasuwa. A ware wani abu a gina makewayi, na maza daban na mata daban, a sa ruwa, a ɗauki mai shara, a bar kuɗin shiga daidai ƙarfin talaka. Ƙananan hukumomi kuma su ƙarfafa wa duba-gari gwiwa.

Abin mai yiwuwa ne. A 2019 gwamnatin tarayya ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina bahaya a fili, wa'adin ya wuce ba a kai gaci ba. Amma a 2022 an tabbatar da Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta rabu da wannan al'ada, kuma manoma ne da 'yan kasuwa kamarmu.

Nan za mu dakata. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a rubuta sunan gari sosai. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.