Bayan An Yi Wa Yaro Aikin Ruwan Kai

'Yan uwana mata, iyayen gida da amare, na Talata Mafara da Bakura da Maradun da ƙauyukan kewaye. Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, aron kunne kawai nake nema.

Yau maganarmu a kan yaron da aka yi wa aiki a kai ce, aka sallamo shi ya dawo gida. Cikin dalilan da suka fi kai ƙananan yara ga irin wannan aiki akwai taruwar ruwa a cikin kai, inda za ki ga kan jariri yana ta girma ya fi ƙarfin wuyansa. Daga wannan yanki namu, akasari Sakkwato ake tura su, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda akwai cibiyar aikin ƙwaƙwalwa.

Bari mu fara da sanin ciwon. Kowa yana da wani ruwa garai-garai a cikin ƙwaƙwalwarsa, babba ma jikinsa na samar da kusan rabin lita kullum. Ruwan yana zagayawa, jiki ya shanye shi. Kin san hanyoyin ruwa na gonakin Bakolori, in hanya ta toshe ai ruwan baya yake komawa ya taru. To haka abin yake a cikin kai. Wani yaron da toshewar ake haihuwarsa, wani kuma ƙwayar cuta ce ta shige shi yana jariri, wani bayan ya tashi daga sanƙarau, irin wanda ya addabi Zamfara a 2017. Saboda haka masu cewa ɗan ruwa ne, ko uwar ce ta yi wani laifi da cikinsa, a yi musu uzuri, rashin sani ne.

A aikin da aka fi yi, likita yana sa wata siririyar roba daga cikin kai, ta bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne, ta sauka wuya da ƙirji har cikin ciki. Can ruwan zai riƙa zuba jiki yana shanyewa. A kusa da bayan kunne akwai ɗan makullin da ke daidaita gudun ruwan. Tun shekarun 1950 ake amfani da irin wannan roba, kuma akwai waɗanda suka girma da ita har suka yi karatu suka yi aure. Akwai kuma aikin da ake buɗa wa ruwan wata hanya a cikin kai ba tare da roba ba. Ki tambayi likita wanne aka yi wa naki.

To me za ki gani in kun dawo gida? Kwanakin farko yaro zai yi ta barci, ya yi rigima, nonon ma kaɗan-kaɗan zai sha. Ki ci gaba da ba shi, a kai a kai. Za ki ga ɗinki a kai da kuma a ciki. Za ki ji robar a ƙarƙashin fata kamar jijiya in kin shafa, wannan ba komai. Maɗigarsa da ta kumbura da za ta yi laushi, har ta ɗan faɗa. Amma fa kada ki sa ran kan zai koma ƙarami. Abin da aikin ya yi shi ne tsayar da wannan girma na fitar hankali, sannu a hankali jiki ya taso ya tarar da kan.

Wurin ɗinki a bar shi a bushe, kada a jiƙa shi sai likita ya ce. Ba a shafa man shanu, ko toka, ko garin magani, ko da kuwa kakarsa ce ta kawo. Ki ce mata, “Inna, likita ya hana, mu bari ya warke tukuna.” Kada a danna makullin nan da yatsa, kuma a makonnin farko kada a bar shi ya daɗe kwance a kan gefen da aka yi aikin, a riƙa juya shi don kada fata ta yi gyambo. Wanzami kuwa, babu ƙaho, babu tsaga, babu sakiya, kuma aska kada ta kusanci hanyar robar. Kina iya goya shi, ki tallafe kan da zani. Sai dai kada ki ba ƙaramar yarinya goyonsa, kan yana da nauyi. In an ba shi maganin jijjiga, kada ki tsayar don kin ga ya samu sauƙi. Allurar rigakafi a ci gaba da ita, barci kuma a cikin gidan sauro.

Yanzu ga inda nake son ki ajiye abin da ke hannunki ki saurara. Robar nan tana iya toshewa, tana kuma iya kamuwa da ƙwayar cuta, musamman a watannin farko. Toshewa kuwa ko bayan shekaru tana iya faruwa. Likita yana Sakkwato, ke ce ke tare da yaro dare da rana, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga alamomin da ba a kwana da su. Amai a kai a kai. Barci mai nauyi wanda ko kin tashe shi sai ya koma, ko ya ƙi kama nono. Kuka mai tsini da ba ya rarrasuwa. Maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali yana zaune ba kuka yake ba. Ƙwayar ido ta koma ƙasa, farin ya fito a sama. Jijjiga. Zazzaɓi. Ja ko kumburi a hanyar robar, ko ruwa na tsattsafowa daga ɗinki. Ciki ya kumbura yana masa ciwo. Yaron da ya iya magana zai ce kansa na ciwo, ko ki ga tafiyarsa ta canja.

Ko ɗaya kika gani daga cikin waɗannan, asibiti. Kada ki ce zazzaɓin sauro ne ko haƙori yake fitarwa ki aika kemis. Zai yiwu sauron ne, amma yaro mai roba a kai likita ne zai raba gardama. In Sakkwato ta yi nisa a wannan lokacin, a fara kai shi babban asibiti mafi kusa, a gaya musu tun daga bakin ƙofa cewa yana da roba a kai, a nuna takardar sallama.

'Yar uwa, mu da ba mu fita sai da izini, wannan magana tun yau ake gama ta, tun yaro yana lafiya. Ki samu lokacin da maigida ya ci abinci ya huta, ki ce, “Malam, in ciwon yaron nan ya tashi ba ka gida, ka yarje mini in kai shi asibiti? Wa zai raka ni?” A tsayar da mutum, ƙanensa ne ko yayarki. A san mai motar da za a kira. A ware kuɗin mota, ko daga adashinki ne, a ɗaure su tare da takardun asibiti wuri guda. Kun san tafiyar dare ba ta da sauƙi a hanyoyinmu, don haka abin da kika gani da hantsi kada ki bar shi ya kai magariba. Iyayen gida maza da ke jin mu, don Allah ku ba da wannan izini tun kafin a nema.

Wata dabara kuma, ki samu tef ɗin awo irin na tela. Sau ɗaya a mako, ranar Talata misali don kada ki manta, ki zagaya kan daga saman gira zuwa ƙeya, a rubuta lambar. Kan jariri dama yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, amma in kika ga yana gudu, a koma wurin likita. Ranar da aka ba ku ta komawa asibiti kuma a je, ko da yaron yana wasa yana dariya.

Game da zama da rarrafe da tafiya da magana, kowane yaro da nasa. Wani zai kamo tsaransa, wani zai yi jinkiri, wani kuma zai buƙaci masu gashin ƙashi na asibiti su koya miki motsa masa gaɓoɓi. Kada ki gwada shi da ɗan abokiyar zamanki, ki gwada shi da yadda yake a watan jiya. Ki riƙa yi masa magana, ki fito da shi tsakar gida cikin 'yan uwansa, kada a ɓoye shi a ɗaki don gudun bakin mutane. Sannu ba ta hana zuwa. Ke ma ki ci ki ƙoshi, ki karɓi taimako in an miƙo, jinya doguwa ce.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya raya mana zuri'a.