Hasken lazer da maganar gyambo: jawabin kwamitin lafiya a taron ƙungiya

  

A taron da ya wuce, wasu ƴan uwanmu masu aiki ƙasashen waje sun kawo shawara a ɗebi kuɗi cikin asusun ƙungiya, a sayo ma likitar garinmu wani inji mai hasken lazer, wanda sunka ji an ce yana warkar da gyambo. Anka ɗora ma kwamitinmu nauyin bincike. Mun yi tambaya, mun yi karatu, ga abin da munka samo. Kuɗin nan guminku ne, ƙafafun da ake magana kuwa na iyayenmu ne. Saboda haka za mu faɗi magana yadda take.

Na ɗaya: mi ne ne lazer?

Lazer haske ne da anka tattara wuri guda, launi ɗaya, yana tafiya tsaye kamar kibiya. Wani masani mai suna Theodore Maiman ne ya fara ƙera shi a Amurka cikin shekara ta 1960. Akwai mai ƙarfi, wanda ke yanka ƙarfe, lokotoro kuma su yi aikin fiɗa da shi. Akwai mai rauni, wanda ba ya yanka, ba ya ƙona fata. Wannan na biyun shi ne maganarmu. Galibi ƙarfinsa ba ya wuce rabin wat. Haskensa ja ne, ko kuma wani irin da ido ba ya gani.

A shekara ta 1967, wani lokotoron fiɗa na birnin Budapest, ƙasar Hangari, mai suna Endre Mester, ya aske bayan ɓeraye, ya haska ma wasunsu lazer mai rauni. Sai ya ga gashin waɗanda anka haska ya riga na sauran fitowa. Daga nan ya shiga gwada hasken bisa mikin mutane wanda ya ƙi warkewa. Nan ne asalin wannan magani.

Na biyu: ƙaƙa yake aiki?

Naman jikinmu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, kowace ƙwaya da murhunta a ciki, inda abinci ke zama ƙarfi. Masana sun ce jan haske, in ya ratsa fata, yana fifita wannan murhu, ƙwaya ta samu ƙarfin aiki, kumburi da zafi su ragu, sabon nama ya taso. Ana ɗora kan injin kusa da miki na ƴan daƙiƙoƙi ko ƴan mintoci, a maimaita sau da yawa cikin mako.

Amma akwai gwargwado. In hasken ya yi kaɗan, ba ya yin kome. In ya yi yawa, amfanin ya ɓace. Ke nan sai wanda ya koyi aikin. Kuma lazer yana lalata ido: da mai haskawa da wanda ake haska ma, kowa sai ya sa tabarau na musamman. Ba a haska shi bisa ƙari ko mikin da ake zaton kansa ne.

Na uku: yana warkarwa ko ba ya warkarwa?

Inda anka fi tabbatar da amfaninsa shi ne mikin cikin baki, wanda ke fito ma masu ciwon kansa sa'ad da ake yi masu magani mai ƙarfi. A shekara ta 2018 hukumar da ke tantance hanyoyin magani a Ingila ta yarda a yi aiki da shi don wannan.

Maganar gyambon ƙafa dabam take. A shekara ta 2017, masana sun tattara gwaje-gwajen da anka yi bisa gyambon masu ciwon sukari. Sun tarar akwai alamar haske na taimakawa, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, ba su isa a kafa hujja mai ƙarfi ba. A shekara ta 2023, ƙungiyar masana ta duniya mai kula da ƙafar masu ciwon sukari ba ta sa shi cikin abubuwan da take ba da shawarar a yi ba. Kuma a gwaje-gwajen nan, ƙari anka yi da hasken bisa wankin miki da ɗauri da sauran kulawa. Ba a aje su don an samu lazer ba.

Na huɗu: mi ke hana mikinmu warkewa?

Mu duba gida. Tsoho mai ciwon sukari, ƙafarsa ta mutu, ya taka ƙaya a gona bai ji ba. Kwana goma sai wari ya tona. Mai tsohuwar kuturta shi ma haka, tafin ƙafa ba ya jin kome, yana ta taka mikin. A Danja, kusa da Maradi, an daɗe ana kula da irin wannan, kuma abin da masu aikin kuturta ke nanatawa ko'ina shi ne a wanke, a ɗaure, a huta da ƙafa, a sa takalmi mai taushi. Wani kuma ya sare da kalme, a zuba masa toka, ko ƙasa, ko baƙin mai na mota, ko garin batir. Wani ana ɗaure masa da tsumman da ya kwana uku. Wani ga yunwa, jiki ba shi da abin gina sabon nama.

Duk waɗannan, ba wanda haske ke gyarawa. Ba ya fid da ruɓaɓɓen nama, ba ya saukar da sukari, ba ya buɗe jijiyar jini da ta toshe, ba ya hana tetanos. Abin da munka fi tsoro shi ne mutum ya dogara da ɗan injin da anka aiko masa, ya zauna gida yana haskawa, har ruɓa ta kai ƙashi, a je babbar likita a ce sai an yanke ƙafa.

Na biyar: shawararmu

Kwamiti na roƙon taro kada a sayi injin nan bana. Kuɗin da anka so fiddawa, a fara da abin da majo ke rasawa kullum: bandeji da auduga masu tsabta, ruwan gishiri na wankin miki, sabuni, safar hannu, da abin awon sukari tare da ƴan takardunsa. A kuma aje wani abu don kuɗin mota, in ya kama a kai marar lafiya Maradi da gaugawa.

Ga ƴan uwanmu na waje: mun san niyyarku alheri ce. Amma ƙananan injunan da ake tallarsu a kasuwa da cikin salula, ba kowane ne anka auna ƙarfinsa ba. Kafin ku aiko, ku tambayi ma'aikacin lafiya. In lokotoro a babbar likita ya ce zai ƙara ma mutum hasken lazer bisa sauran magani, a tambaye shi sau nawa, kuɗi nawa, kuma mi za a yi in ba a ga sauƙi ba.

Ga iyayenmu na gida: mai ciwon sukari ya duba ƙafafunsa kowane marece, har tsakanin yatsu. In ido ba ya gani sosai, jika ya duba masa. Kada ya yi yawo ba takalmi. Shi, ko ɗan ƙaramin miki ne, a kai shi likita ba jinkiri. Ga sauran jama'a, mikin da ya yi mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, ko mai wari, ko mai mugunya, ko wanda ya zo da zazzaɓi, ko fata ta yi baƙi, ba na zaman gida ba ne. Wanda ƙarfe ko ƙaya ta soka, ya tambayi allurar tetanos.

Ba mu rufe ƙofa ba. Bincike bisa wannan haske yana ci gaba. Ranar da hujja ta yi ƙarfi, anka kuma samu wanda ya koyi aikin a likitarmu, mu da kanmu za mu maido da maganar gabanku.

Yanzu magana ta koma hannun taro.  Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi maida matafiya gida lafiya.