Jawabi A Kan Hanyoyin Birnin Katsina Da Na Bayan Ganuwa

 

Mutanen da suka gina Katsina sun kewaye ta da ganuwa, suka yi mata ƙofofi, kamar su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri. Daga kowace ƙofa hanya ta miƙe zuwa kasuwa da Ƙofar Soro. Lungunan ciki ƙanana ne ƙwarai, gama don mai ƙafa da jaki aka yi su, amma galibi wannan yana ɓullewa cikin wancan.

A 1976 aka rushe tsarin En'e, a 1978 doka ta mai da filayen birane hannun Gwamna. Da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 sai jama'a suka kwararo, gari ya tsallake ganuwa, ya bi hanyar Kano da ta Dutsin-ma yana cin gonaki.

To, a nan ta ɓaci. Inda hukuma ta yanka filaye, layi yana haɗuwa da layi. Amma inda aka yi awon igiya, watau mai gona ya yayyanka gonarsa ya sayar, kowa iyakar gonarsa yake dubawa. Ya bar ɗan layi siriri, don kada ya yi hasarar fili guda, layin nan kuwa sai ya je ya ci karo da bayan katangar wani. Gida biyu suna jin kiran salla daga masallaci ɗaya, amma sai an zaga ta bakin kwalta kafin a gaisa. Unguwa duka ta dogara ga mafita ɗaya. Ran da gobara ta tashi, motar kashe wuta ta tsaya a bakin titi. Mai naƙuda sai a ɗauko ta a hannu. Ruwan damina ma ya rasa inda zai bi, ya shiga ɗakuna.

Ba Katsina kaɗai ba ce. Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna, tun daga 1975 sababbin titunan birane a yawancin ƙasashe sai ƙara rashin haɗuwa suke yi.

Fili ba ya hannun sarakuna yanzu, amma har yau da wuya a yi cinikin gona a gefen gari ba da shaidar Mai Unguwa ko Dagaci ba. Abin roƙo shi ne, kada a sa hannu a takarda sai an ga layin wannan gona ya fuskanci na maƙwabciyarta. Kafin a zuba harsashi turke huɗu sun isa. Bayan an yi rufi kuwa, sai rusau da diyya da shari'a.