Wa Ya Daka Tuwon Gidan Sarki?

 

In ana tarihin Sarkin Ruma ko wani basarake, za ku ji yaƙi da dawakai. To wa ya surfa geron da dakarun suka ci? Wa ya ɗebo ruwa? Kuyangi ne da bayi da barori, kuma da wuya ki ji sunan ɗaya.

Har a Turai haka ne. A Danmak sai da masana suka koma tonon takardun albashi da na ƙidaya kafin su gano masu aikin manyan gidajen gona. Mu kuwa nan, akasarin abin a bakin tsofaffi yake.

Wata Ba'amurkiya, Heidi Nast, ta yi ta hira da matan gidan Sarkin Kano, gidan da Muhammadu Rumfa ya gina. Littafinta na 2005 ya nuna ƙwaraƙwarai da bayi mata ne ke riƙe da hatsin haraji, jakadu kuma su ke kai saƙo tsakanin cikin gida da waje. Kun ga ashe ba shara kaɗai suke yi ba.

Amma ni wadda ta fi burge ni ita ce Baba ta Karo. Tsohuwa ce kamar kakanninmu, ba ta yi boko ba. A 1949 da 1950 ta zauna a ƙasar Zazzau tana ba Mary Smith labarin rayuwarta, har da bayin rinjin gidansu, aka buga a 1954. Mijin Mary, M. G. Smith, yana ganin shi kansa kullen nan ya yaɗu ne bayan bauta ta mutu: matan da dā ake korawa gona, da suka sami 'yanci sai suka ce su ma ɗaki za su zauna. Sai 1936 aka haramta bauta gaba ɗaya a Arewa, wato jiya-jiyan nan.

Saboda haka in kuna da tsohuwa a gida, ku tambaye ta bayan isha'i: su wa ke daka a gidan da ta tashi? Me ake ba su da salla? A ina aka aurar da su? Amma fa a yi hattara. Jikokinsu maƙwabtanmu ne, wasu ma surukanmu. Abin da kaka ta faɗa a ɗaki, kada ya zama gori a gidan biki.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.