Taba Mai Batir: Abin da Hukumomin Lafiya Suka Ce

 

Yau zancenmu a kan taba ne, amma wata sabuwar iri. Abin da ya jawo zancen kuwa shi ne, kwanan baya wani dattijo ya zo wurina ɗakin shan magani da tari. Shekararsa 30 yana shan sigari. Da na gama duba shi, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu kamar alƙalami mai kauri. Ya ce ɗansa ne ya kawo masa daga birni, wai likitocin Turai sun ce wannan ba ta da lahani. Ya ce, "Malam, gaskiya ne? In bar sigari in kama wannan?" Ban kai ga amsawa ba sai ya ƙara da cewa, jiya ya tarar da jikansa, yaro ɗan shekara 12, a bayan rumbu yana zuƙarta, don tana ƙanshin mangwaro.

To, wannan tambaya ba tasa ba ce shi kaɗai. Manyan hukumomin lafiya sun yi shekaru suna muhawara a kanta. Zan gaya muku abin da kowane ɓangare ya ce, da inda bakinsu ya zo ɗaya.

Mece ce taba mai batir?

Waɗansu na ce mata tabar lantarki. Ba a kunna mata ashana, babu kuma ganyen taba a cikinta. Akwai batir, da wata 'yar siririyar waya, da ɗan ruwa mai kauri. In mutum ya zuƙa, batir ya kan gasa wayar, ruwan ya zama tururi, tururin ya shiga huhu. Cikin ruwan nan an zuba kayan ƙanshi, galibi kuma da nikotin, watau sinadarin nan na ganyen taba da ke sa mutum ya kasa barinta.

Wani mai haɗa magunguna a ƙasar Sin, sunansa Hon Lik, shi ya ƙago irin wadda a ke sayarwa yanzu, a shekarar 2003. Shi kansa mashayin taba ne, ubansa kuma ciwon daji na huhu ne ya yi ajalinsa. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu zuƙarta sun haura mutum miliyan 100.

Me ke kisa cikin sigari?

Sai kun gane wannan kafin ku gane gardamar. Nikotin ƙugiya ce, ita ke riƙe mutum. Amma yawancin kisan, hayaƙi ne ke yinsa. In ganyen taba ya ƙone, hayaƙinsa na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga cikinsu an san suna kawo ciwon daji. Kun ga kunkunniyar da ke taruwa a rufin ɗakin girki? Haka baƙin danƙon taba ya ke maƙalewa a huhu. Har ila yau akwai iska mai guba a ciki, irin wadda ta kan kashe mutum in ya kwana da kaskon garwashi a ɗaki a rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 kowace shekara, ta kan kuma yi ajalin har rabin mashayan da ba su bar ta ba.

Taba mai batir ba ta ƙona kome, saboda haka ba ta da wannan baƙin danƙo, ba ta da wannan iska. Daga nan ne gardama ta taso.

Abin da likitocin Ingila suka ce

A shekarar 2015 hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila ta ce, a ƙiyasinta, lahanin taba mai batir bai kai na sigari ba da wajen kashi 95 cikin 100. A 2016 wata tsohuwar ƙungiyar manyan likitoci ta London ta faɗi kusan haka. Wannan ita ce maganar da ɗan dattijon nan ya tsinta, amma rabinta ya ji. Ba su ce babu lahani ba, cewa suka yi lahanin ya fi ƙanƙanta. Lissafin nan na kashi 95 kuma ƙiyasi ne na masana, waɗansu likitoci sun soke shi ƙwarai. Da aka sake bin sawun zancen a 2022, sai aka ce haɗarinta ɗan kaɗan ne in an gwada da na sigari, amma ba a rasa shi ba, musamman ga wanda bai taɓa shan taba ba.

Sun kuma yi gwaji. An ɗauki mashaya 886 masu son bari, aka raba su biyu. Rabi aka ba su taba mai batir, rabi aka ba su maganin nikotin, irin su cingam da filastar da a ke mannawa a fata, dukansu kuma ana yi musu nasiha. Aka bayyana sakamako a 2019. Bayan shekara guda, cikin kowane 100 na masu batir, 18 sun bar sigari. Cikin masu magani kuwa, wajen 10. Amma ku ji sauran: cikin waɗanda suka bar sigari ta hanyar batir, 80 cikin 100 suna nan suna zuƙar batir ɗin. Sun rabu da hayaƙi, ƙugiya kuwa tana nan.

Saboda wannan ne a 2023 gwamnatin Ingila ta sanar za ta ba mashaya miliyan 1 taba mai batir kyauta, don su bar sigari. Amma da ta ga yara sun faɗa mata, daga 1 ga Yuni, 2025, ta hana sayar da irin wadda a ke zuƙa a yar.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce

Ita wannan hukuma ba ta yarda a ɗauki taba mai batir kamar magani ba. A watan Disamba na 2023 ta yi kira ga ƙasashe su tashi tsaye. Ta ce in an dubi al'umma gaba ɗaya, yadda a ke sayar da ita a kanti ga kowa, ba a tabbatar tana raba mutane da taba ba. Ta ce a lokacin ƙasa 34 sun hana sayar da ita, amma ƙasa 88 ba su ƙayyade shekarun mai saye ba. Ta ce kuma an yi mata ƙanshi iri-iri har aƙalla 16,000. To, jama'a, wane dattijo a ke nema da ƙanshin alewa? A 2025 hukumar ta ce yara 'yan shekara 13 zuwa 15 masu zuƙarta sun kai aƙalla miliyan 15.

Hujjojinta su ne waɗannan. Nikotin na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, wadda ba ta gama nuna sai wajen shekara 25. Tana kuma cutar da ɗan da ke ciki. Tururin nan ba na ruwan zalla ba ne, a kan sami ɓurɓushin ƙarfe da waɗansu abubuwa masu guba a cikinsa. Sa'an nan abin sabo ne. Mutane sun daɗe ƙwarai suna shan sigari kafin masana biyu a Ingila, Doll da Hill, su nuna a 1950 cewa tana kawo ciwon daji na huhu. Taba mai batir kuwa shekarunta 20 ne da 'yan kai, ba a ga ƙarshen aikinta a jikin mutum ba tukuna.

Waɗansu ƙasashe sun bi wannan ra'ayi. Indiya ta haramta ta a 2019. Ostareliya kuwa, daga Yuli na 2024, sai a kantin magani kaɗai a ke sayarwa.

Abin da ya faru a Amurka

Hukumomin Amurka sun tsaya tsaka-tsaki. Sun ce babban mutum mai shan sigari, in ba mace mai ciki ba, zai iya amfana in ya bar sigari ɗungum ya koma batir. Amma ba su sa ta cikin jerin magungunan barin taba ba.

A can ne kuma aka ga wata masifa. Daga 2019 zuwa Fabrairu na 2020 an kwantar da mutum 2,807 a asibiti da ciwon huhu mai tsanani, 68 suka mutu. Da aka bincika, sai aka tarar yawancinsu sun zuƙi ruwan wiwi ne na bayan fage, wanda aka gauraya da wani mai. Darasin a nan shi ne, ruwan da ba ka san abin da aka zuba a ciki ba, kada ka kai shi huhunka. Wadda likitocin Ingila ke magana a kanta, doka ta ƙayyade yawan nikotin ɗinta, ana kuma dubawa. Wadda aka saya a faifan ɗan koli fa, wa ya duba ta?

Inda suka haɗu

Kada ku ce likitoci sun rikice. Gida ɗaya su ke dubawa. Likitocin Ingila sun fi sa ido ga kakan nan mai tari, wanda sigari ke cin huhunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi sa ido ga jikan da ke bayan rumbu. Ga abubuwan da ba su yi gardama a kansu ba.

Na ɗaya, sigari muguwar aba ce, barinta shi ne babban alherin da mashayi zai yi wa jikinsa.

Na biyu, wanda ba ya shan taba, kada ya taɓa mai batir. Yaro da mace mai ciki su ne a gaba.

Na uku, haɗa biyun ba ya tsirar da kowa. Wanda ke zuƙar batir da rana, ya kunna sigari da dare, hayaƙi bai bar shi ba, ko da kara ɗaya ne a yini.

Na huɗu, abin da ya fi duka shi ne a rabu da su biyun.

Amsar da na ba dattijo

Na ce masa, "Baba, ɗanka bai yi maka ƙarya duka ba. Wannan ba ta kai sigari mugunta ba. Amma ba magani ba ce, ba ka kuma san abin da ke cikin wadda ke hannunka ba. Bari mu fara ta hanyar da aka tabbatar."

Hanyar kuwa ita ce wannan, ku ma ku riƙe. Ka sa rana, ka gaya wa iyalinka da abokan hirarka. Ranar nan ka fid da taba da ashana daga aljihu da ɗaki. Kwanakin farko za ka ji ƙunci da faɗa da rashin barci, ba ciwo ba ne, ƙugiya ce ke fita. In sha'awa ta taso, sha ruwa, sa asawaki a baki, tashi ka taka, 'yan mintoci kaɗan ta kan yi ta wuce. Ka riƙa zuwa ɗakin shan magani muna ganinka. Akwai magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 2024 don wannan aiki, har da cingam da filastar nikotin, likita ne zai gaya maka wanda ya dace da kai. In ka koma, kada ka ji kunya, sake sa wata rana. Sannu ba ta hana zuwa.

Ladan kuwa ba ya jinkiri. Cikin awa 12 iskar nan mai guba ta sauka daga jininka. Cikin mako 2 zuwa 12 numfashi ya fara sakewa. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu da wajen rabi, bayan shekara 10 haɗarin ciwon daji na huhu ya zama wajen rabin na mai sha.

Wanda kuma ya riga ya bar sigari ta hanyar batir, kada ya ji wannan jawabi ya koma wa sigari. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ya yi ta ragewa har ya bar batir ɗin ma.

Sauran magana a kan yaro. Na ce wa dattijo kada ya doke shi, ya zaunar da shi ya gaya masa gaskiya, ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ku ɓoye abin nan daga ƙananan yara, domin ruwansa guba ne in an haɗiye. Yaron da ya sha, a kai shi asibiti nan da nan. Ku daina aiken yara sayen taba. A Nijeriya dokar 2015 ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba.

To, jama'a, a nan zan tsaya. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Mai tarin da ya wuce mako 2 kuma, mashayi ne ko ba mashayi ba, ya zo a duba shi. Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.