Kiwon Maciji da Haƙƙin Ɓera



Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, me ya haɗa malamin Hausa da abincin maciji? To, ga abin da ya haɗa mu. Sa'ad da na ke karatu a Ingila, akwai wani ɗalibi Bature da ɗakinsa ke daura da nawa, yana kiwon wata 'yar ƙaramar mesa a cikin akwatin gilashi. Wata rana da dare ya jefa mata ɓera mai rai, ya rufe akwatin, ya tafi ya kwanta. Da gari ya waye sai ya buga mini ƙofa hankali a tashe. Mesar ba ta taɓa ɓeran ba, shi kuwa ɓeran ya kwana yana gaigayar bayanta har nama ya fito. Ta yi makonni a hannun likitan dabbobi. Tun daga ranar nan na ke juya wannan al'amari a raina, domin na ga halittu biyu sun wahala, alhali kuwa wanda ya haɗa su ya yi barcinsa lafiya lau.

A wurinmu Hausawa maciji abin gudu ne. Mukan ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma in ka ga mutum da maciji a wuya, to, gardi ne mai wasa a kasuwa. Amma a Turai da Amurka mutane da yawa suna ajiye shi a ɗaki kamar yadda mu ke ajiye kyanwa ko aku. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, ɗaya daga cikin macizan da suka fi so ɗan ƙasarmu ne. Ita ce ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Ana samunta a dazuzzukan Afirka ta Yamma, har da Nijeriya, kuma an daɗe ana fitar da ita zuwa waje daga Gana da Togo da Benin. Cinikinta yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda aka ƙulla a Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975. Ke nan maganar ba ta yi nisa da mu ba kamar yadda mu ke zato.

Maciji ba ya cin ciyawa, ba ya cin hatsi. Dole sai nama, kuma dabbar ya ke haɗiyewa ɗungurungum, da ƙashinta da gashinta. Saboda haka ba a gardama a kan ko zai ci ɓera. Abin da a ke gardama a kai shi ne, a ba shi ɓeran da rai, ko kuwa a kashe shi tukuna?

Bari mu fara da lafiyar macijin kansa. Haƙoran gaba na ɓera ba su daina tsiro muddin yana raye, shi ya sa ya ke gaigayar katako da buhu. Idan aka rufe shi da maciji, ya nemi hanyar fita ya rasa, tura ta kai bango, sai ya juyo ya yi faɗa. Ko da macijin ya kama shi, in bai kama daidai ba, ɓeran yana iya cizonsa a ido ko a baki kafin ya mutu, ciwon kuwa ya ruɓe. Daɗin daɗawa, maciji ba kullum ya ke jin yunwa ba. Sa'ad da ya ke shirin saɓa, ko in ɗakin ya yi sanyi, yakan ƙi abinci, ita ƙaramar mesar nan kuwa takan yi watanni ba ta ci kome ba. A irin wannan hali ba ta kai hari, ba ta kuma kare kanta, sai dai ta dunƙule ta ɓoye kanta. Abin da ya sami mesar maƙwabcina ke nan.

Sai kuma lafiyar mai kiwon da iyalinsa. Macizai da ɓeraye duka suna ɗauke da ƙwayar cutar nan ta Salmonella, mai sa zazzaɓi da gudawa, wadda ta fi tsanani ga ƙananan yara da tsofaffi. Kada a ɗauka daskarar da ɓera a firiji yana kashe ta. A 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi sawun wata ɓarkewar cutar, ta tarar daga daskararrun ɓerayen da a ke sayarwa don ciyar da macizai ta fito. Don haka wanke hannu da sabulu wajibi ne, kuma ba a narkar da ɓeran a wurin da a ke girkin gida. A nan ƙasar akwai haɗarin da ya fi wannan. Wanda zai ɗana tarko ya kamo ɓeran gida ya tuna da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma wani ɓera ne mai yawan nonuwa ke yaɗa shi ta fitsari da kashi. Har ila yau, ɓeran da ya ci guba yana iya kashe macijin da ya haɗiye shi.

Yanzu mu zo ga haƙƙin ɓera, wanda shi ne zuciyar maganata. An daɗe ana zaton mesa shaƙe numfashi ta ke yi. A 2015 wani masani Ba'amurke mai suna Scott Boback da abokan aikinsa suka nuna cewa matsar da irin waɗannan macizai ke yi tana tsai da gudun jini ne cikin ɗan lokaci kaɗan. Masu goyon bayan ba da mai rai sukan kafa hujja da wannan, su ce ai mutuwar ba ta daɗewa. Sai dai wahalar ɓeran ba daga matsa ta ke farawa ba. Tana farawa tun sa'ad da ya shaƙi warin abokin gabansa, ya zagaye kusurwa huɗu na akwatin bai ga kafa ba. Wannan tsoro yana iya ɗaukar awa guda ko dare sukutum.

Hujjarsu ta biyu ita ce, ai haka a ke yi a daji. Gaskiya ne, amma akwatin gilashi ba daji ba ne. A daji ɓera yana da rami, maciji kuma in ya ƙoshi yana da hanyar wucewa. Babu wanda ya shirya haɗuwarsu. A ɗaki kuwa mutum ne ya sayo wannan, ya sayo wancan, ya rufe murfi. Wanda ya rufe murfin shi ke ɗauke da nauyin abin da ya faru a ciki. Masanin falsafar nan na Ingila, Jeremy Bentham, ya nuna tun a 1789 cewa iya jin wahala shi ne ma'aunin haƙƙin dabba a kanmu, ko tana da wayo ko ba ta da shi. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Tun muna yara aka hore mu cewa in za a yi yanka a wasa wuƙa, kada kuma a wasa ta a gaban dabbar. Ba a hana mu cin nama ba, azabtarwa aka hana. Dokar kula da dabbobi ta Ingila da Wales ta 2006 ma ta bi wannan hanya. Ba ta ambaci ciyar da maciji da suna ba, amma ta mai da jawo wa dabba wahalar da ba ta zama dole ba laifi.

To, ya zama dole? Mafi yawan macizan da a ke kiwo suna karɓar mataccen ɓera in an san yadda za a ba su. Akan sayi wanda aka kiwata don wannan, aka kashe shi cikin gaggawa, aka daskarar. Sai a narkar da shi sarai, a ɗumama shi cikin leda a ruwan ɗumi, domin ƙaramar mesa tana da 'yan ramuka a leɓenta da ta ke gane zafin jikin dabba da su. Sa'an nan a riƙe shi da dogon hantsaki, a ɗan motsa shi a gabanta da dare. Abin da ya ke bukata haƙuri ne. Ba zan ɓoye muku ba, akan sami ɗaiɗaikun macizai, musamman waɗanda aka kamo daga daji, da za su ƙi har su rame. A nan an shiga tsaka mai wuya, gama rai biyu ne a hannunka. Ra'ayina shi ne a nemi likitan dabbobi tukuna. In ya ga babu makawa, to, mai kiwon ya tsaya a kan akwatin, in an ɗan jima macijin bai kama ba ya cire ɓeran, ya kuma ci gaba da ƙoƙarin sabar da shi da matacce.

Jama'a, na san ɓera ba shi da masoyi a gidajenmu. Ya cinye mana hatsi, ya huda mana tufafi. Amma ɓeran da aka haifa a keji bai saci daddawar kowa ba. Ɗalibai, wata rana ku ne za ku zauna a ma'aikatun da ke ba da izinin fitar da namun daji da tsara dokokin kiwo. Ma'aikata kuwa, wasunku suna can tun yanzu. Ina roƙonku, in takarda irin wannan ta zo teburinku, ku tambayi yadda za a ciyar da dabbar, kamar yadda ku ke tambayar kuɗin haraji. Wanda kuma ya ga zuciyarsa ba za ta iya ɗaukar nauyin ciyar da maciji yadda ya kamata ba, ya bar shi a dajinsa.

 Shugaba, na shirya amsa tambayoyi. Allah ya sa mu dace, amin.